Romon kaza mai tsami na 'yan Filifin: ɗanyar tsamiya ko busasshiya?

Maman Haidar (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku, ya gida ya yara? Magana ce da ni ga waɗanda ke gida, musamman masu bishiyar tsamiya a kusa. Yanzu da damina ta ja baya tsamiya ta yi 'ya'ya amma ba ta nuna ba. Wannan ɗanyar da yara ke tsinka suna ci da gishiri, ita ce jigon wani romon kaza na 'yan Filifin da nake ganin zai karɓi bakinmu sosai. A asibitin da nake aiki yawancin ma'aikatan jinya 'yan can ne, a hannunsu na koya. Suna ce masa sinigang.

Ga abin da za a tanada: kaza kilo 1 a yanka ƙanana da ƙashinta, ɗanyar tsamiya kamar giram 250, ruwa lita 2, albasa babba 1, tumatir 3, citta ɗanya tsawon babban yatsa, tafarnuwa ƙwaya 4, gwaza ƙanana 3, kuɓewa 6, dogon yalo 1, koren wake, ganye dami 1, dogon barkono kore 2, sai ruwan kifi mai gishiri da suke kira patis, cokali 2 zuwa 3.

Ki dafa tsamiyar daban da ruwa kofi 2 har ɓawonta ya fashe ta yi laushi, minti 15 ya isa. Ki murje ta da bayan ludayi a cikin ruwan, ki tace da rariya, ki ajiye. A wata tukunyar ki zuba mai cokali 2, ki soya citta da tafarnuwa da albasa sama-sama, ki zuba tumatir da kazar ki juya har jan naman ya ɓace, ki zuba patis. Sai ki tsaida ruwa. Idan ya tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta, ki sa gwaza. Kaza ta kusa nuna sai ruwan tsamiya ya shiga, bayansa wake da yalo da kuɓewa da barkono. Ganye shi ne ƙarshe: ki zuba, ki rufe, ki kashe wuta.

Roƙona ɗaya ne. Kar a sa kanwa, kar a sa kori da tayim, kar a niƙa attarugu a ciki. Romon sharaf yake, ana ganin ƙasan kwano, tsamin kuma sai ya kai inda za ki ɗan runtse ido a cokalin farko. Da farar shinkafa mara gishiri ake ci.

Hajiya Babba (Katsina):
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka, ya tsare ku a can. Na karanta tun daga sama har ƙasa. Amma ni dai abin da na gani farfesun kaza ne aka hana shi kayan ƙamshi aka ƙara masa tsamiya. Ba masoro, ba kimba, ba kanumfari, ba daddawa, to me zai kashe ƙarnin kazar? Kuma mu tun tasowarmu in miya ta yi tsami gyara ta ake yi. Yakuwa ma sai an ɗan jefa mata kanwa ko ruwan toka kafin ta shiga tukunya da kyau. Tsamiya ta kunu ce da ɗan jiƙo, ban taɓa ganin an haɗa ta da nama ba.

Maman Haidar (Jidda):
Amin Hajiya, na gode. Ƙarnin kuwa citta da suyar farko ke ɗauke shi, tsamin ya ƙarasa sauran. Amma kin taɓo ainihin inda muka rabu da su. Mu tsami a miya aibi ne da ake rufewa, su kuwa shi suke nema, har suna auna gwanintar mai girki da yadda ya daidaita shi da gishiri. Ƙasarsu akwai zafi da gumi kusan duk shekara, suna cewa romo mai tsami yana buɗe musu baki su ci shinkafa. Idan kanwa ta shiga, ta cinye tsamin, abin da zai rage ruwan kaza ne salam mai ɗan bauri. Gara mutum ya yi farfesunsa na gida da kayan ƙamshinsa a kan haka.

Abba (Manila):
Salam. Anti Maman Haidar sannu da ƙoƙari, girkin nan ya yi daidai da yadda nake gani a nan. Ni ɗalibi ne, a unguwar Sampaloc nake zaune. Ƙarin bayani kaɗan zan yi, da izininki. Wanda kika koyar, mai suyar citta da tafarnuwa kafin a tsaida ruwa, a nan sunansa sinampalukang manok. Sinigang na ainihi ba a soya komai: ruwa ake tafasawa da albasa da tumatir, a zuba nama, a bi da kayan lambu ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi ba citta. Su kansu suna musu a kan ko ɗayan reshen ɗayan ne, amma in ka shiga gidan abinci za ka ga an rubuta su daban.

Abu na biyu da ke bambanta shi shi ne tohon tsamiya, wato sabon ganyen nan mai laushi da ke fitowa ja-ja kafin ya koma kore. Ana tsige shi daga jijiyarsa, a yanka ƙanana, a zuba kamar kofi 1 ko 2. Tsaminsa ba shi da ƙarfi kamar na 'ya'yan, amma yana da wani ƙamshin ɗanyen ganye da 'ya'yan ba su da shi. A lardunan Tagalog irin su Bulacan da kazar gida suke yi, ba ta gidan gona ba.

Uwar Biyu (Kano):
To Abba ai mu kazar Hausa ce ma ta fi mana sauƙin samu a Kasuwar Rimi. Amma minti nawa? Don in na bi lissafin Maman Haidar kayan lambu za su narke kaza ba ta ko fara laushi ba.

Abba (Manila):
Yaya, kazar gidan gona minti 25 zuwa 30 ta nuna. Ta Hausa ki ba ta awa 1, in tsohon zakara ne har awa 1 da rabi, a ƙaramar wuta, ita kaɗai da ruwanta. Ki ƙara ruwan kamar rabin lita don zai ƙone. Sai ta fara laushi sannan gwaza ya shiga. Romonta ya fi daɗi nesa ba kusa ba, don ƙashi da fatarta sun fi ba da maiƙo da ɗanɗano.

Maman Haidar (Jidda):
Da ɗan gari kan ci gari, Abba na gode. Abokan aikina duk sinigang suke ce mini, wataƙila don su sauƙaƙa mini sunan. Tohon kuwa a nan Jidda ba ya samuwa, shi ya sa ban sa shi a lissafi ba.

Ummu Salma (Damagaram):
Barkanku da yini. A wajenmu toho da ɗanyar tsamiya ba su cika haɗuwa lokaci ɗaya ba. Tohon yana yawa ne a ƙarshen bazara zuwa faɗuwar ruwan farko, 'ya'yan kuma sai kaka suke kai girman da za a dafa, su nuna da hunturu. To mai son haɗa biyun ya zai yi? Ni tunanina yakuwa. Yanzu ne lokacinta, ganye ce, kuma tsami gare ta. Sannan tambayata ta gaskiya: busasshiyar tsamiyar kasuwa fa, wadda ake dunƙulewa? Ita ce kowa ke da ita a ɗaki duk shekara.

Abba (Manila):
Anti, yakuwa ba baƙuwa ba ce a wannan girkin. A tsibirin Panay suna da dangin yakuwa da suke kira labog, da ganyensa suke tsamama romon kaza. Kowane yanki da abin da yake amfani da shi, don ƙasar tsibirai ce sama da 7,000. Wasu kamias, wani ɗan itace kore mai tsananin tsami. Wasu ɗanyen mangwaro, wasu kalamansi wato ƙaramin lemon tsaminsu. A Iloilo da Negros batuan suke sawa, shi ma wani ɗan itace ne mai tsami. A Pampanga kuma gwaba nunanna, romon ya fito da ɗan zaƙi da kauri. Saboda haka wanda ya sa yakuwa bai fita daga hanyarsu ba, abin da ke kusa da kai mai tsami shi ake ɗauka.

Maman Haidar (Jidda):
A kan busasshiya kuwa ina da magana, don nan ne nake ganin mutane za su yi girkin su ce bai yi musu ba. Tsamiya ba ta rasa tsaminta idan ta nuna, sukari ne ke ƙaruwa a kansa. Shi ya sa busasshiya take da zaƙi-zaƙi, kuma take rina ruwa ya koma ja mai duhu. Ɗanya tsaminta tsantsa ne mai kaifi, ruwanta fari-fari da ɗan kore. Idan kika yi da busasshiya za ki sami romo mai daɗi, amma zai yi nauyi, ɗanɗanonsa ya karkata wajen kunun tsamiya, hancinki kuma zai riƙa kai ki can. Dalilin da ya sa na yi maganar yanzu ke nan, kafin ɗanyar ta wuce. Mai firji ta dafa da yawa, ta tace, ta ƙulla a leda ƙanana ta daskarar, zai kai ta watanni.

In babu sai busasshiyar, ki ɗauki giram 60 zuwa 80 kawai, ki zaɓi mai haske wadda ba ta shekara ba, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki tace. Bayan kin sauke tukunya ki matsa lemon tsami rabi don ya dawo da kaifin. Kar lemon ya tafasa, ɗaci yake yi.

Ummu Salma (Damagaram):
Ban yarda da ke duka ba Maman Haidar. Tsamiyarmu ta Sahel ko ta bushe tsaminta ya fi zaƙinta, ba irin ta kwali mai zaƙi da ake kawowa daga Tailan ba ce. Ni ina ganin tamu za ta yi aikin ba sai an nemi lemo ba. Kuma girkin da sai wata biyu a shekara ake iya yinsa ba zai zauna a gidajenmu ba.

Maman Haidar (Jidda):
Ta Tailan mai zaƙi kam ba ta shiga wannan tukunyar ko kaɗan, a nan mun haɗu. Tamu tana da tsami, gaskiya ne. Amma launi da ƙamshi fa? Ki gwada biyun a ƙananan tukwane rana ɗaya tun da ɗanyar na nan, ki ba mu labari.

Uwar Biyu (Kano):
Ni kuma a wani kanti na ga ƙaramar leda an rubuta Knorr Sinigang, hoton tsamiya a jiki. Wannan fa? Kuma ya halatta? Don na ji an ce da naman alade suke yin miyar.

Abba (Manila):
Gaskiyar magana Yaya, yawancin gidajen birni a nan da garin ledar suke yi, na Knorr ko na Mama Sita's, saboda sauri. Yana ba da tsami mai kaifi, amma gishiri ya yi masa yawa, kuma ɗanɗanon kowane gida ya koma iri ɗaya. In za ki yi da shi kar ki zuba patis sai kin ɗanɗana. Ki duba bayan ledar, a nan ake rubuta yawan ruwan da za ta ɗauka da abin da ke ciki, ki nemi tambarin halal.

Batun alade gaskiya ne, sinigang ɗin da aka fi sayarwa a Manila na alade ne, sai na jatan lande, na kifin bangus, da na sa. Shi ya sa mu ɗalibai Musulmi ba ma saye a waje sai a gidajen abincin Musulmi. Kaza muna zuwa Quiapo mu saya, kewayen Masallacin Zinare da aka gina a 1976, inda 'yan Maranao da sauran Musulmin kudu ke kasuwanci. Akwai kuma abin da ya kamata duk wanda aka gayyata gidan ɗan Filifin ya sani: a wasu ƙauyuka idan sun yanka kazar gida suna tarar jinin a kan ɗanyar shinkafa, ya daskare, su jefa cikin romon. Mutum ya tambaya cikin ladabi kafin ya ci. Mutane ne masu karamci, in ka yi musu bayani suna kiyayewa.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Uwargida ce ta nuna mini muhawarar ta ce in sa baki a kan ruwan kifin. Idan kifi ne da gishiri kawai aka tsima, babu laifi. A mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka. Abin lura shi ne a karanta jikin kwalbar ko an haɗa da wani abu daban. Jinin da aka kwarara kuwa haramcinsa a fili yake cikin Alƙur'ani, ɗana Abba ya kyauta da ya yi gargaɗi. Allah ya ba ku sa'ar karatu.

Abba (Manila):
Amin Malam, na gode. Patis ƙananan kifaye ne da gishiri, a bar su watanni a randa ko tanki har su narke. Ruwan da ya taso sama shi ne patis, dusar ƙasan kuma bagoong.

Hajiya Babba (Katsina):
To ashe su ma suna da daddawarsu, ta kifi ce kawai. Tunda haka ne ni tawa zan sa ta kalwa. Ina zan samo ruwan kifi a Katsina?

Maman Haidar (Jidda):
Hajiya, aikinsu ɗaya ne, wato ba romo zurfi, amma daddawa tana da ƙarfin da za ta danne ƙamshin tsamiyar ta kuma duhunta ruwan. Ni da za ki bi tawa, gishiri ki sa da garin busasshen jatan lande cokali 1, ko ki jefa ɗan busasshen kifi guda ya dahu a ciki ki tsame shi. Ya fi kusa da nasu. Waɗanda ke Saudiyya kuma ba su da matsala, shagunan 'yan Filifin na Balad a Jidda da Batha a Riyad duk suna da patis, har da kangkong, ganyen da suke sawa a romon, da farin fijil, wata saiwa mai kama da karas da suke yankawa a ciki.

Hajiya Babba (Katsina):
Zan sa ƙwaya biyu ta daddawa 'yata, ba za ta yi ɓarna ba. Maigidan ba ya cin romon da babu ita. Kanwa dai na haƙura, na ji hujjarki.

Amaryar Bauchi:
Sannunku iyayena da yayyena. Ni sabuwa ce a girki, tambayoyina ƙanana ne. Wane ganye zan sa a madadin kangkong ɗin? Na ga hotonsa, ya yi kama da wani mai yaɗo da ke bakin rafinmu. Kuma me ya sa gwaza zai riga tsamiya shiga, ba a zuba su tare a huta ba?

Ummu Salma (Damagaram):
Ƙanwata kar ki kuskura ki tsinko na bakin rafi da ido kawai. Akwai duman kada, shi ma mai yaɗo ne da fure irin wannan, kuma yana sa dabbobi rawar jiki in sun ci. Ki tsaya ga abin da kika sani.

Abba (Manila):
Gaskiya ne. Kangkong ɗan uwan dankalin Hausa ne, kuma su ma idan babu shi ganyen dankalin suke sawa, sabbin kan masu laushi. Shi ne madadi mafi kusa. Alayyafo ma ya yi. Zogale kuwa, duk da suna cinsa sosai, sun fi sa shi a tinola, wani romon kaza da citta da ɗanyar gwanda wanda ba shi da tsami.

Maman Haidar (Jidda):
Amarya, tambayarki ta biyu ita ce sirrin tukunyar. Tsami yana hana kayan lambu saurin laushi. Kin san yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri? To tsami akasin haka yake yi. Idan gwaza ya shiga ruwan da ya riga ya yi tsami zai daɗe yana gardama, kuma gwazan da bai nuna sosai ba ƙaiƙayi yake sawa a maƙogwaro. Ki bar shi ya yi minti 15 a ruwan kaza tukuna. In kina son romon ya ɗan yi jiki, ki tsamo guda ɗaya ki murje ki mayar. Su kuma suna da wata dabara, ruwan wankin shinkafa na biyu suke tsaida tukunya da shi.

Tsamin dai shi ke sa koren ganye ya dafe in ya jima a wuta, shi ya sa ake kashe wuta da zarar an zuba shi. Kuɓewa kuma ɗungum ake sa ta, a ɗan datse kan kawai ba tare da an huda cikinta ba, don ba a son yauƙi. Barkonon ma ɗungum, ƙamshinsa ake so. Mai son yaji ya tsamo shi ya murje a ɗan faranti da patis ko gishiri da lemo, ya riƙa dangwala naman. Ta haka yara su ci, mai son attarugu ma ya sami nasa a gefe.

Sai tukunya. Ki guji barin romon ya kwana a tukunyar dalma, tsami yana cin ta, abincin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Ta ƙarfe mara tsatsa ko mai fenti ta fi. Wadda ta fi duka ita ce tukunyar ƙasa, su ma asali da ita suke yi, palayok suke ce mata.

Uwar Biyu (Kano):
Maigidana yana da gyambon ciki, surukata kuma hawan jini. In dafa ko in bari?

Maman Haidar (Jidda):
Tsamiya ba ita ke kawo gyambon ciki ba, galibi ƙwayar cutar H. pylori ce ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Amma abu mai tsami yana iya tayar wa mai shi da ƙwannafi da zafin ciki. Ki ɗebar masa nasa kafin ki zuba ruwan tsamiyar duka, kuma in ciwon yana tashe a bar shi sai ya lafa, ya bi abin da likitansa ya ce. Ita kuwa Mama gishirin ne abin tsoro: ba garin leda, ba Maggi, patis cokali 1 kacal ko a bar shi. Abin daɗin shi ne romo mai tsami ba ya neman gishiri da yawa kafin ya yi ɗanɗano.

Ummu Salma (Damagaram):
Na dawo da labari. Na raba kaza biyu jiya, tukunya ɗaya da ɗanya, ɗaya da busasshiya, duka da yakuwa kaɗan a ƙarshe. Maman Haidar kin yi gaskiya a launi, ta ɗanyar ta fito garau, ƙamshinta kuma daban ne, ban taɓa jin irinsa a romo ba. Amma a gidan nan an rabu. Ni da babbar 'yata ta ɗanyar muka zaɓa, maigida da samarin suka cinye ta busasshiyar da shinkafa har suna neman ƙari. Ban sa lemo ba kuma tsamin ya isa. Abin da na lura, in za a sa yakuwa a rage tsamiyar da kamar kashi ɗaya cikin uku, don tsami biyu ne suka haɗu.

Amaryar Bauchi:
Masha Allah Anti. To da kifi fa za a iya? Kaza ta yi tsada a nan, amma karfasa da tarwaɗa suna nan a wadace.

Abba (Manila):
Za a iya, na kifi ma ya fi sauri. Karfasa za ki ɗauka, su ma suna yi da ita. Tarwaɗa santsinta da maiƙonta suna dagula romon. Ba suya a wannan. Ki tafasa ruwa da albasa da tumatir da citta 'yar kaɗan, gwaza ya nuna, ki zuba ruwan tsamiya da kayan lambu, sannan ki jera kifin a sama. Minti 8 zuwa 10 a ƙaramar wuta ya isa. Kar ki juya da ludayi, ki kama kunnuwan tukunyar ki ɗan girgiza. Tsamiyar kuma giram 200 ta wadatar a lita 1 da rabi.